Hoto da Gyaransa a Tarihin Karkarar Arewacin Kano

Gabatarwa

Akwai wani yanki na ƙasar Kano da masana labarin ƙasa suka daɗe da keɓe shi saboda cunkoson jama'arsa, watau karkarar da ta kewaye birni, wadda ta fuskar arewa ta haɗa da ƙasashen Ungogo da Dawakin Tofa da Minjibir da Gezawa da Bichi, ta miƙe har wajen Ɗambatta. A wannan yanki gona tana jingine da gona, ba a cika barin saura ta huta ba, kuma ko'ina mutum ya tsaya zai hangi gida ko rumbu ko itaciya. Ita kanta kalmar karkara, a ma'anarta ta asali, ƙasa ce da ake zaune a kanta ana noma ta kowace shekara, kishiyar daji. Maƙasudin wannan maƙala shi ne bin diddigin yadda aka riƙa ɗaukar surar wannan karkara tun daga 1851, da irin gyaran da ake yi wa surar bayan an ɗauka, da kuma mutanen da ke da ikon cewa ta yi ko ba ta yi ba. Al'amarin ya wuce sha'awa, domin an taɓa kafa hujja da irin waɗannan hotuna a kan cewa manomin Kano yana kashe ƙasarsa, daga baya kuma da hotuna aka wanke shi.

Sura kafin kyamara

A farkon watan Fabrairu na 1851 Heinrich Barth, Bajamushen nan da ya riƙa kiran kansa Abdulkarim, ya shigo Kano daga Katsina ta hanyar Kusada da Bichi. Ba ya ɗauke da kyamara, sai alƙalami da littafin zane. Abin da ya zazzana a hanya, a gurguje, shi ne aka miƙa wa wani mai zane a Jamus, Johann Martin Bernatz, ya mayar da shi cikakkun surori masu launi, waɗanda suka fito cikin littafin tafiyar Barth mai juzu'i biyar a 1857 da 1858. Daga cikinsu akwai surar Kano daga kan Dutsen Dala, wadda har yau ake ta sake bugawa a littattafan tarihi.

Abin lura a nan shi ne Bernatz ya san Habasha, don ya zauna a can a farkon shekarun 1840, amma bai taɓa taka ƙasar Hausa ba. Ke nan launin sama da na ƙasa, da yadda haske ya sauka a kan gine-gine, da tsayuwar mutane da dabbobi a gaban surar, duk sun bi ta hannun mutumin da bai ga wurin ba. Ba za a ce ya yi ƙarya ba, gama bisa zanen mai gani da ido ya yi aiki, kuma Barth yana raye ya ga abin da aka buga da sunansa. Sai dai surar farko da duniya ta san Kano da ita gyararriya ce, kuma waɗanda suka yaba ta ko suka kushe ta masu karatu ne na Landan da Gotha. Babu Bakano ko ɗaya da aka nuna wa aka ce: haka garinku yake?

Wahalar kyamara a ƙasar rana

Kyamara ta shigo sosai tare da Turawan mulki bayan cin Kano a 1903, ta ƙara yawa da isowar jirgin ƙasa a 1911. A lokacin kamfanin Kodak ya riga ya fitar da ƙaramar kyamararsa mai araha, Brownie, tun 1900, saboda haka joji da likita da malamin makaranta kowa yana iya rataya tasa. Ɗan jaridar nan E. D. Morel, wanda ya zagaya Nijeriya ya buga littafinsa a 1911, ya yaba noman Kanawa ƙwarai, kuma littafin nasa yana ɗauke da hotuna.

Amma duk wanda ya duba hotunan karkara na wancan zamani zai ga abu ɗaya yana maimaituwa: sama fara fat, babu gajimare, ƙasa kuwa ta yi duhu, itatuwa sun zama baƙaƙen dunƙule. Dalilin wannan yana cikin sinadarin da aka shafe faifan ɗaukar hoton da shi. Irin faifan da aka fi amfani da shi yana jin hasken shuɗi da kore sosai, amma kusan ba ya jin ja. Sai shuɗin sama ya ƙone ya koma fari, jar ƙasa da jan bango su fito baƙi. An fara sayar da faifan da ke jin dukkan launuka a Ingila a 1906, amma ya daɗe bai zama ruwan dare ba. Bugu da ƙari, zafi yana narkar da sinadarin, ruwan wanki ba ya yin sanyi, ga ƙurar hunturu tana shiga cikin kyamara, hazo kuma yana shafe duk abin da ke nesa.

Saboda haka gyara ya zama wani ɓangare na sana'ar tun daga tushe. A ɗakin duhu mai wanki yana tare haske da hannunsa daga inda ya yi duhu, ya ƙara shi inda ya yi fari. Yana yanke gefen da bai yi masa ba. Yana bin ɗigon ƙura da ɗan buroshi. Akwai ma dabarar da Gustave Le Gray ya shahara da ita a Faransa tun shekarun 1850, ta ɗauko gajimare daga wani faifan dabam a ɗora a kan farar sama. Katunan gaisuwa da ake aikawa Turai kuwa wasunsu da hannu ake shafa musu launi, sau da yawa a maɗaba'ar da ke ƙetaren teku. Mai nazarin tarihi da ya ga korayen ganyaye a irin wannan kati, ya kamata ya tuna mai yiwuwa daga kwalbar fenti suka fito.

Su wa ke duba hoton? A 1930 A. F. B. Bridges ya kafa ƙungiyar masu sha'awar halittu da al'adun Nijeriya, wadda ta fara fitar da mujallarta, The Nigerian Field, a 1931. Yawancin 'yan ƙungiyar a farkonta ma'aikata ne da 'yan kasuwa Turawa waɗanda ba ɗaukar hoto ne aikinsu ba, suna aiko hoton tsuntsu ko itaciya ko dabba, edita ya zaɓa, masu karatu su yi gyara a fitowa ta gaba. Haka kuma mujallar Nigeria, wadda E. H. Duckworth ya shirya daga 1933 zuwa 1953, ta ba hoto muhimmanci ƙwarai, shi kansa editan gwanin kyamara ne. A waɗannan shafuka aka gina ma'aunin abin da ake kira kyakkyawan hoton ƙasar Hausa: raƙumi, da badala, da marina, da kuka ita kaɗai a fili, daga baya kuma dalar gyaɗa. Gonar gero da wake, wadda ita ce ke ciyar da birnin, ba ta cika burge mai kyamara ba, don a idonsa ba ta da tsari.

Lokacin da aka ɗauka

Babban gyaran da aka yi wa surar karkarar Kano ba a ɗakin duhu aka yi shi ba. A zaɓen lokaci aka yi shi, kuma galibi ba da gangan ba. Baƙi da ma'aikata da rani suke yawo, sa'ad da hanya ta bushe, rafi ya ƙafe, sauro ya ragu. Barth ma da rani ya zo. To, gonar Dawakin Tofa ko ta Minjibir a watan Maris ba ta da abin da za ta nuna wa baƙo: an girbe, an kwashe kara an kai gida don danni da makamashi da abincin dabbobi, an ɗaure harawa an ɗora a kan itace, awaki da tumaki sun tsince abin da ya rage. Abin da kyamara za ta gani rairayi ne da iska ke kwasa. Wannan gonar ce kuma a watan Agusta mutum zai shiga a kan jaki ba a gan shi ba.

Illar wannan ta bayyana a fili a shekarun 1930. E. P. Stebbing, farfesan gandun daji a Jami'ar Edinbara, wanda ya daɗe yana aiki a Indiya, ya ratsa arewacin Nijeriya da ƙasar Nijar da ranin 1934. A 1935 ya buga maƙala a mujallar ƙungiyar masana labarin ƙasa ta Landan yana cewa hamadar Sahara tana gangarowa kudu da kimanin kilomita ɗaya kowace shekara, kuma ya ɗora laifin a kan sassabe da kiwo da ƙunar daji. Ya ba da shawarar a kafa doguwar katangar itatuwa ta tare ta. Maganar ta tayar da hankali har gwamnatocin Ingila da Faransa suka kafa hukumar haɗin gwiwa, wadda ta bi kan iyaka a 1936 da 1937, ta dawo ta ce ba ta ga shaidar tahowar hamada ba. Duk da haka ra'ayin Stebbing ya fi rahoton hukumar tsawon rai, ya sake tasowa da ƙarfi bayan farin 1972 zuwa 1974, kuma kowane lokaci hoton da ke rakiyarsa iri ɗaya ne: tsagaggiyar ƙasa, da mushen saniya, da mace ɗauke da itace.

Itaciyar gawo ta isa misali a kan yadda lokaci ke juya shaida. Ita dai da damina take zubar da ganye, da rani ta yi kore shar. Wanda ya ɗauke ta a watan Yuli, bai san halinta ba, zai rubuta a ƙarƙashin hotonsa cewa ga matacciyar itaciya a tsakiyar gona. Manomi kuwa don wannan halin nata yake barin ta: ba ta yi wa shuka inuwa, ganyen da ta zubar taki ne, 'ya'yanta abincin dabba ne, kuma kowa ya san geron da ke gindin gawo ya fi na gefe. Da an nuna masa hoton kafin a buga, da kalma ɗaya zai gyara shi.

Ido daga sama

Jiragen sama na farko sun sauka Kano a watan Nuwamba na 1925, uku ne na sojan Ingila da suka taso daga Masar. Bayan shekara biyar Walter Mittelholzer, matuƙi kuma mai ɗaukar hoto ɗan ƙasar Suwizalan, ya biyo ta Kano a tafiyarsa ta Tafkin Chadi ta 1930 zuwa 1931, ya ɗauki birnin daga sama da kuma ƙasa; hotunansa suna ajiye a laburaren jami'ar fasaha ta Zurik. Nasa dai na ba da mamaki ne. Waɗanda suka canza fahimta su ne na safiyo, da aka fara ɗauka a jere wajen 1950 domin zana taswira, bayan Ingila ta kafa hukumar safiyon ƙasashen da take mulka a 1946. Jirgi yana tafiya a miƙe, kyamara tana kallon ƙasa tsaye, tana ɗauka a kai a kai. Ba ta zaɓen kyakkyawa, ba ta kauce wa mummuna. Kowace itaciya ɗigo ce da za a iya ƙirgawa, kowace iyakar gona layi ce da za a iya aunawa.

Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello daga 1962, sa'an nan a Jami'ar Bayero daga 1979 zuwa 1986, ya yi amfani da irin waɗannan hotuna tare da bincike a ƙafa. Littafin da suka fitar da J. Wilson a 1965 kan ƙasa da jama'a a wannan yanki ya nuna fiye da kashi 80 cikin 100 na ƙasar ana noma ta kowace shekara, kuma abin da ke riƙe da ita taki ne: na dabbobin gida, da tokar murhu, da sharar birni da jakuna ke fitarwa a mangala da rani, su komo da itace. Daga bisani shi da abokan aikinsa suka kwatanta hotunan sama na shekaru dabam-dabam a binciken da Jami'ar Majalisar Ɗinkin Duniya ta buga a 1990 kan itacen girki a Kano. Abin da kowa ke zato shi ne birni ya cinye itatuwan da ke kewaye da shi. Ƙidaya ta nuna itatuwan gonakin da ke kusa da birni ba su ragu ba, domin kowace ɗorawa da tsamiya da kuka da kanya tana da mai ita, ana sassare reshe a bar uwa. Ɓarnar tana can nesa, a dazuzzukan da ba su da mai su, inda manyan motoci ke zuwa lodi.

Haka ta sake faruwa a ƙetaren iyaka. A ƙasar Maraɗi, tun daga 1983 Tony Rinaudo da manoman da ya yi aiki da su suka ƙarfafa dabarar barin tohon kututture ya girma a gona, wadda ake kira sassabin zamani. Shekaru aka yi ba wanda ya san girman abin, sai da Gray Tappan na hukumar safiyon ƙasa ta Amurka ya ɗora hotunan sama na 1975 kusa da na tauraron ɗan'adam na wajen 2005. Aka ƙiyasta fili mai faɗin kimanin hekta miliyan 5 a jihohin Maraɗi da Damagaram ya sake yin itatuwa. Hausawa na cewa gani ya kori ji, amma a nan gani biyu aka haɗa, na da da na yanzu, daga wuri ɗaya, kafin jin ya koru. Kada kuma a ɗauka hoton sama ba shi da nasa makanta: ba ya bambance darbejiya da ɗorawa cikin sauƙi, saboda haka yawan itatuwa na iya tsayawa yadda yake alhali irinsu ya canza, abin da matan da ke yin daddawa suka fi kowa sani.

Bahaushe da kyamararsa

A duk wannan tarihi Bahaushe wanda ake ɗauka ne, ko mai gonar da ake ɗauka. Da ya fara zuwa wurin mai hoto, a Sabon Gari ko a bakin kasuwa, don fuskarsa ya je: hoton salla, da na aure, da na fasfo don tafiya Makka. Akwai abin mamaki a nan. Malaman fiƙihu sun daɗe da bambance surar abu mai rai da ta marar rai, kuma galibinsu sun halatta surar itace da dutse da kogi. Amma abin da kusan babu gardama a kansa shi ne aka fi ƙyalewa, domin fim kuɗi ne, wanki kuɗi ne, kuma ba wanda zai biya don a ɗaukar masa gonar da yake kwana yana tashi a cikinta. Hasali ma a ɗakin mai hoto akan rataya labule mai zanen lambu ko dogon bene, mutumin Bichi ya tsaya a gabansa, a bar tasa karkarar a waje.

Harshen kansa ya adana tarihin sana'ar. Kalmar hoto aro ce daga Ingilishi, amma aikatau ɗin da ke tafiya da ita na gida ne. Ana ɗaukar hoto, kamar yadda ake ɗaukar kaya ko karatu. Ana wanke shi, domin da ruwan magani ake fito da shi, kuma har yau wanda ya kai wayarsa shago a buga masa hoto a takarda cewa yake a wanke masa, alhali ba ɗigon ruwa a aikin. In ya yi kyau a ce ya fito, in haske ya yi yawa a ce ya ƙone. Kalmar fito tana ɗauke da wani ra'ayi: surar tana nan a ɓoye, aikin mai wanki ya bayyana ta. Wannan ma'auni ne mai kyau na rarrabe gyara da ƙari, tun kafin a zo ga dokokin gasa.

Wayar hannu ta shigo Nijeriya a 2001, kuma bayan 'yan shekaru mai kyamara ta zama abin kowa. Daga nan ne ɗan karkarar ya fara ɗaukar karkararsa: hadarin gabas a kan gonakin Gezawa, da ruwan dam ɗin Tomas, da fadamar albasa, da faɗuwar rana a bayan giginya. Ɗakin duhun da dā sai mai jari, yanzu yana cikin wayar, yatsa ɗaya ke ƙara launi ko rage shi. Masu duba masa kuwa abokai ne da ke ganin hoton nan take, kuma abin da suka fi yabawa shi ne kore mai ƙarfi da sama mai ja. Sakamakon haka damina ta karɓi matsayin da rani ya riƙe shekara ɗari. Ana ƙara wa ganye tsanwa har gero ya yi kama da shinkafar fadama, ana goge leda da turakun lantarki da bulon da ke cin gonakin Ungogo, a bar bukka da rumbu. Baƙon dā ya nuna ƙasar ta fi yadda take mutuwa. Ɗan gida na yau, don ƙauna, yana nuna ta fi yadda take lafiya. Mai nazarin da zai zo nan da shekara hamsin zai sha wahala da na biyun kamar yadda aka sha da na farkon, wataƙila ma fiye, tun da fentin katin dā ido na iya gane shi.

Ba a rasa inda aka tsare ma'auni ba. Masu kallon tsuntsaye sun gaji wata al'ada ta tantancewa tun daga ƙungiyar da ta fara fitar da mujallarta a 1964, wadda ta koma Malimbus a 1979. A cikinta ne R. E. Sharland da R. Wilkinson suka buga jerin tsuntsayen Jihar Kano a 1981, lokacin Jigawa tana ciki. Tun 2015 kuma cibiyar nazarin tsuntsaye ta A. P. Leventis da ke Jos ta ƙaddamar da aikin taswirar tsuntsayen Nijeriya, inda 'yan sa kai, da yawansu ɗalibai ne daga Arewa, ke aika abin da suka gani. A wurinsu ana yarda a yanke gefen hoto, a ƙara haske don a ga zanen fiffike, amma wanda ya taɓa launin baki ko na ƙafa ya ɓata shaidarsa, gama da waɗannan ake rarrabe wani tsuntsu da ɗan'uwansa. Tambayar farko da ake yi wa mai hoto ita ce ina, kuma yaushe. Hoton shamuwa a kan tsamiyar wani ƙauye a ƙasar Ɗambatta, ko da ya ɗan yi dishi-dishi, in yana ɗauke da sunan ƙauyen da kwanan wata, za a iya ajiye shi kusa da na baɗi da na shekara goma masu zuwa, a ga ko tana zuwa a lokacin da tsofaffi suka san ta da zuwa, gab da faɗuwar ruwan farko.